Wata 14 da DAF XF 106 a hanyar Kano zuwa Legas

Ranar da aka kawo ta gareji, direbobi suka taru suna zagaya ta kamar an kawo amarya. Kan tirela ne, DAF XF 106 ƙirar 2015, mai ƙarfin doki 460, 'yar Beljiyam da ta sauka a tashar Tin Can. Wani dattijo da ya tsufa a kan sitiyari ya leƙa gefenta, ya ga ƙaramin tanki mai shuɗin murfi kusa da na gas, ya ce, "Alhaji, wannan kuma wa za ka riƙa shayarwa?" Muka kwashe da dariya. Ashe shi kaɗai ne ya yi tambayar kirki a ranar.

Na yi karen mota, na yi tuƙi, kafin Allah ya hore min tawa. Hatsi nake lodi daga Dawanau zuwa Legas, a juyo da abin da ya samu. XF 95 nake da ita a da, don haka da ita nake auna wannan.

Gaskiya ɗaya ce, motar nan ba ta da haɗama. Injinta MX-13 ne, lita 12.9, kuma da kaya iri ɗaya a hanya ɗaya, gas ɗin da take bari a tanki idan ta isa Ogere, zangon tireloli dab da Legas, tsohuwar da tuni ta lashe shi. Tun da litar gas ta haura naira 1,000 a 2023, duk mai mota ya san cewa ribarsa a tanki take kwana. Giyarta 12 ce, ita ke canza wa kanta. Direbana ya yi mako biyu yana ƙunƙuni, wai an mai da shi fasinja, ƙafarsa ta hagu tana lalubar kulocin da babu. Yanzu ko da kuɗi ba zai koma ba. Birkin inji kuwa, a gangaren Jebba za ka san ka sayi mota: ta riƙe kanta da kayanta, ba ƙaurin taya, ba addu'ar neman tsari. Ɗakin kwanan ma ya fi wasu masaukan Tafa da na taɓa biya.

To, sai shuɗin murfin nan.

Turawa ba don mu suka ƙera ta ba, don dokarsu suka ƙera ta. Daga farkon 2014 ba a yi wa sabuwar babbar mota rajista a Tarayyar Turai sai ta cika ƙa'idar hayaƙi ta Euro 6. Saboda haka salansarta ba bututu ba ne kawai. A ciki akwai matata mai kama baƙin hayaƙi, wadda ake kira DPF, sannan akwai wurin da ake fesa ruwan AdBlue don ya kashe gubar da ta rage. Ruwan nan yuriya ce kashi 32.5 cikin ɗari a tsarkakakken ruwa, kuma duk lita 100 ta gas tana tafiya da kusan lita biyar tasa. Ba ya son rana, ga shi mu a Kano watan Afrilu ko inuwa zafi take yi. Idan ya ƙare, ko kwamfutar motar ta ji ba na gaske ba ne, sai ta fara rage wa inji ƙarfi, in ka yi taurin kai ta ɗaure ka a kilomita 20 a awa. Wannan ba lalacewa ba ce, haka doka ta ce a yi ta.

Mun ɗanɗana. Wata na biyar, ruwan ya ƙare wa direba bayan Mokwa. Wani mai shayi, Allah ya shirye shi, ya ce ai yuriya yuriya ce. Suka sayi takin zamani mudu ɗaya, suka dama da ruwan leda, suka ɗura. Ba su yi nisa ba fitila ta kama a gaban direba, mota ta koma tafiyar hawainiya da buhunan wake a bayanta. Ya kira ni murya na rawa: "Maigida, mota ta ƙi ja." Kwana biyu tana gefen titi. Bakanikenmu na gargajiya, mai gane ciwon inji da kunne, ya duba ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Sai da na ɗauko wani yaro daga Kaduna da kwamfutarsa a jaka. Aka sauke tanki aka wanke, aka canza bakin feshin da ya toshe da farin gishiri. Kuɗin da na kashe ya cinye ribar sahu biyu, kuma laifin ba na motar ba ne.

Gas ɗin kansa ma wani karatu ne. Na Turai, farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan. ECOWAS ta tsayar da kashi 50 a 2020, amma mun shekara muna shan wanda ya ninka haka nesa ba kusa ba, kuma farar wuta ita ce ajalin matatar nan. Tun da matatar man Dangote ta fara fitar da gas a 2024 abin ya yi sauƙi, sai dai na jarka a bakin hanya har gobe ba ka san da me aka gauraya shi ba. Na kafa wa direba doka: gidajen mai uku kacal tsakanin Kano da Legas, kuma ya kawo rasit. Galan biyu na AdBlue kullum suna ƙarƙashin gado, inda rana ba ta kai.

Kowa a gareji shawara ɗaya yake ba ni: a fasa salansa, a cire matatar, a rufe wa kwamfuta baki. Da yawa sun yi, kuma ba wanda zai tare ka a hanya don hayaƙi. 'Yan Road Safety na'urar taƙaita gudu suke tambaya tun 2017, ba abin da ke fita ta salansa ba. Ni dai ban yi ba tukuna. Wani ɓangare tsoro ne, don na ga wadda aka yi wa aikin a hannun wanda bai iya ba, ta koma shan gas kamar rijiya. Wani ɓangaren kuma, na yi shekaru ina kwana a ƙarƙashin mota a Marabar Jos, inji na aiki, in tashi da safe in tofar da baƙin majina. Karen motata na yanzu bai san wannan ba. Farin ƙyalle na taɓa karawa a bakin salansar, ya fito fari.

Tsadar saye kuwa, tun da aka saki naira a Yunin 2023 kuɗin fito na kwastan ya bi dala, kayan gyara ma haka. Firikwensin hayaƙi guda ɗaya, abin da bai kai tafin hannu ba, sai ka riƙe baki in an faɗa maka farashi.

Ƙanena ya zo neman shawara zai sayi tasa ta farko, da bashi a wuyansa, kuma lodinsa yawanci ƙauyukan Neja ne ta Jibiya zuwa Maraɗi, inda mai kwamfuta sai an yi tafiya. Na ce ya nemi Howo, ko tsohuwar DAF da kowane bakanike ya san cikinta. Ni kuwa da ke kan titi ɗaya, da gidajen maina uku da lambar yaron Kaduna a waya, na riga na aika a duba min ta biyu.