Linzamin PS/2 ko na USB ga tsohuwar kwamfuta mai Windows XP?

Malam, mai zagayayyen bakin nan za ka saya, wato PS/2, ka haɗa da batir CR2032 guda ɗaya na uwar allo, wato babban allon da ke cikin kwamfutar. Tunda ka ce XP ce a kan kwamfutar, linzamin yana ɗaukewa, wani lokacin kuma ta tsaya cak kafin Windows ta buɗe, to matsaloli biyu ne suka haɗe maka, kuma ɗaya ce kawai daga cikinsu sabon linzami zai magance.

Ni ma akwai irinta a shagona, ita ke tuƙa injin yanka sitika, don direban injin, wato manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta, bai san wata Windows ba bayan XP. Linzaminta PS/2 ne mai jar wuta a ƙasa, rubutun da ke bayansa ma ya goge saboda tsufa, wayar kuma na naɗe ta da salatif kusa da wuya. Ya sha ƙurar hunturu, yara sun sha jefar da shi, amma ko an sake zuba Windows daga farko, da ta buɗe za ka ga kibiyar tana motsi. Dalili shi ne ramin PS/2 tun 1987 kamfanin IBM ya fito da shi, kuma uwar allon kwamfutar tana da ɗan sashe na musamman da ke kula da shi tare da kibod. Bai jira sai sashen USB ya farka ba. Ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin wani mai kamfen, kwamfutar ta dawo a rikice, kibod na USB ya ƙi amsa F8 sam, maɓallin da ake dannawa a shiga Safe Mode, wato yanayin gyara na Windows. Na zaro tsohon kibod mai zagayayyen baki daga ƙarƙashin tebur, na shiga Safe Mode, kafin la'asar mutumin ya karɓi kayansa.

Sharaɗin linzamin PS/2 ɗaya ne: a kashe kwamfuta kafin a soka shi. Idan ka soka tana kunne ba za ta gan shi ba, a wasu tsofaffin ma yana iya ƙona fis ɗin ramin. Koren rami na linzami ne, mai launin shunayya na kibod. Ka leƙa bakin da tocila, 'yan allurai shida ne a ciki, idan ɗaya ta lanƙwashe aiki ya tsaya. Kada ka tura da ƙarfi, juya shi za ka yi a hankali har ya zauna.

Na USB mai waya ba laifi, yana yi, kuma shi ne a ko'ina. Sai dai ka kiyayi shuɗin rami idan kwamfutar tana da shi, USB 3.0 ne, XP ba ta zo da direbansa ba. Mara waya kuwa na taɓa saya, kuɗin batir kawai ya ci mini.

Maganar ƙin tashi ita ce babba. Duba agogon kwamfutar. In kullum yana komawa wata tsohuwar shekara, ko tana rubuta maka CMOS checksum error tana neman ka danna F1, batirin da ke kan uwar allo ne ya mutu. Ɗan faifai ne kamar kwabo, volt 3. Da ya mutu, duk lokacin da aka zare wuta BIOS, wato manhajar uwar allo da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, na mantawa da saitinta ta koma yadda ta fito daga kamfani. A nan ake samun shuɗin allo mai lamba 0x0000007B: an zuba XP faifan ajiya yana kan tsohon saiti mai suna IDE, saiti ya koma sabon da ake kira AHCI, ita kuma XP ba ta da direban AHCI a cikinta. Sa sabon batir, shiga BIOS da F2 ko Del ko F10 gwargwadon kamfanin, nemi saitin SATA, wato na faifan ajiya, ka mayar da shi IDE. Wasu suna kiransa ATA, wasu Compatible. Mutane da yawa sun goge aikin shekaru a kan wannan, an ce musu sai an sake zuba Windows, alhali saiti ɗaya ne.

Kana cikin BIOS ɗin, kunna USB Legacy Support, shi ke ba kibod na USB damar aiki kafin Windows ta buɗe. Idan kuma ka lura tana maƙalewa a tambarin kamfani ne kawai lokacin da akwai abu a ramin USB, zare komai ka gwada, wasu tsofaffin allunan haka suke. Idan ta rubuta maka NTLDR is missing ma, sau da yawa filash ne aka manta a jiki, kwamfutar tana neman tashi daga cikinsa. Sa faifan ajiya a farkon jerin abubuwan da take tashi daga ciki a BIOS.

Abin da ba ka tambaya ba: idan ka je kasuwa, za a miƙo maka linzamin USB da ɗan koren mahaɗi a ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Wannan mahaɗin wayoyi ne kawai a ciki, ba ya fassara komai, sai linzamin da aka ƙera shi yana jin yaren PS/2 tun asali, kuma yawancin na yanzu ba sa ji. Haka batir, akwai masu cire tsoho daga matacciyar kwamfuta su goge shi su sayar. Karɓi wanda ke cikin kwalinsa a rufe, ko a auna maka a gabanka, sabo yana ɗan haura volt 3. Duk wanda ya ce uwar allon ta mutu bai ko buɗe murfin ba, ɗauki kayanka ka ƙara gaba.

Sannan tunda Microsoft ta daina kula da XP tun 8 ga Afrilu 2014, kada ka haɗa ta da intanet, bar ta ta yi aikin shago kawai. In ka canza batirin shuɗin allon bai tafi ba, ɗauko hoton lambar da ke ƙasansa ka turo mu gani.