Boris ne ko bak-aksil? Amsa ga Alhaji mai Prado

Alhaji, ka ce Prado ɗinka ƙirar 2005 tana fara ƙugi da zarar ka kai gudun kilomita 60 a kan gadar Third Mainland ta Legas, kuma bakaniken Agege ya ce boris ɗin taya ne (zoben ƙarfen da taya ke juyawa a kansa), na Mushin ya ce bak-aksil ne (akwatin haƙoran da ke juya tayoyin baya). Kafin ka ba kowa ko sisi, ƙafarka da sitiyarinka za su raba wannan gardama.

Boris ba ruwansa da totur. Ko ka taka ko ka saki, ko ka sa motar a firi tana gangara, ƙugin yana nan, gudu ne kawai ke ƙara shi. Abin da yake ji shi ne nauyi. Ka fita da sassafe ranar Lahadi, lokacin da hanya ba cunkoso, ka ɗan karkata sitiyari hagu, ka dawo dama, a hankali. In ƙugin ya ƙaru da ka yi hagu, ya lafa da ka yi dama, galibi boris ɗin dama ne, don a kansa nauyin motar ya kwanta.

Bak-aksil kuwa bai san sitiyari ba, totur yake bi. Kukansa ya fi siriri, kamar busa daga bayan kujera. Ka taka ya yi kuka, ka ɗaga ƙafa ya yi shiru ko ya sauya murya. Wani ma sai ka saki totur yake farawa, wannan yawanci boris ɗin ƙaramin haƙorin da furofela (sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksil) ke juyawa ne ya saki.

A gareji ma gwajinsu daban. Na boris, a ɗaga tayar da jak, a kama ta sama da ƙasa a girgiza, sannan a juya ta da hannu, wani ya dafa sifirin. In boris ya ci, za ka ji gurzar a tafin hannunka kamar ana niƙa tsakuwa. Amma kada ka yarda a tayar da inji a sa giya alhali ƙafa biyu na ƙasa. Prado irin taka ƙafa huɗu take ja koyaushe, za ta sauko daga kan jak.

Na aksil, mai za a duba, kuma a nan nake so ka tsaya da kanka. A fara kwance noti na sama, na zuba mai, kafin na ƙasa. Na sha ganin an tsiyaye mai sannan na saman ya ƙi kwancuwa. Ka sa yatsa, ya kamata man ya kai bakin ramin. In ya fito fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Wannan ciwon motocin Legas ne: aksil ya yi zafi, ka faɗa ambaliya a Lekki ko Oshodi da damina, ya huce nan take, ya zuƙi ruwa ta ɗan bututun numfashinsa. Ka duba maganaɗisun notin ƙasa kuma. Baƙin gari mai laushi ba komai, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, haƙora ne ke cin juna. In mai ne kawai ya lalace, a zuba sabo, 80W-90 ko 75W-90 mai lambar GL-5, ka sake saurare.

Af, tayoyin ma ka shafa su da hannu. Taya mai manyan zane da ta ci tudu da kwari tana ƙugi sak irin na boris, sai dai ita muryarta tana sauyawa in kwalta ta sauya. “Ƙwam” ɗin da ake ji in an sa ribas kuwa, tare da karkarwa ƙarƙashin kujera, kuros ɗin furofela ne, wato gaɓarta, wata magana ce daban.

Ni dai yadda ka kwatanta, na fi zargin boris, kuma shi ya fi sauƙi: aikin yini guda ne, kuɗinsa bai kama ƙafar na aksil ba. Sai dai ka sayi sabo mai kyau, boris ɗin tokumbo caca ne. Aksil kam in ya tabbata shi ne, gara ka je kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo da tsohon naka a ƙirga haƙora, domin dole lissafin haƙoran aksil ɗin baya ya zo ɗaya da na aksil ɗin gaba. Ka yi gwajin Lahadin, ka faɗa mana abin da ka ji.