Ƙwallon makaranta ko na akademi: zaɓin matasa a Amurka

A Amurka, yaron da ya iya taka leda yakan kai shekara 14 ya tarar hanya ta rabu biyu: ƙungiyar makarantar sakandare ko akademi, wato ƙungiyar horar da matasa da ba ta makaranta ba.

Kakar makaranta gajera ce, kusan wata uku, kuma ba ta cin aljihun iyaye sosai. Yaro zai buga da 'yan ajinsu, 'yan unguwa su zo kallo suna kiran sunansa. Sai dai sau da yawa kocin malami ne da ke haɗa aji da fili.

Akademi kuwa ba sauƙi. Tun 2012 tsarin Development Academy, gasar akademi ta hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka, ya koma wata 10 a shekara, ya hana 'yan wasansa buga wa makaranta. Da aka rufe shi a 2020, MLS Next, gasar matasa ta MLS (babbar gasar ƙwararru ta Amurka), ta gaje shi da kusan wannan doka, ECNL kuma, wata gasar ƙungiyoyin matasa, tana barin yara su haɗa biyun. Kociyoyin jami'o'i sun fi leƙa waɗannan gasannin. Amma ban da akademin ƙungiyoyin MLS, da yawancinsu kyauta ne, iyaye na kashe dubban daloli, ga tafiya wata jiha a ƙarshen mako.

Ni dai, yaron da zai riƙa ɗumama benci a akademi, gara ya buga wa makarantarsu.