Man pon da ke tsiyaya a tayar baya: kwana huɗu a garejin wani dattijo a Damagaram

Motar tawa Mercedes 508 D ce, cikin jerin waɗanda aka ƙera a Dusaldof ta Jamus tsakanin 1967 da 1986, mai injin gazuwal silinda huɗu da taya bibbiyu a kowane gefen baya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya saye ta a hannun wasu Turawa da suka keto Sahara ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, zamanin da suke zuwa su sayar da mota su koma gida ta jirgi. Su suka mayar da bayanta ɗaki: gado, ɗan kabad, tankin ruwa, wurin girki. A unguwarmu "mai ɗaki" ake ce mata. Da ita nake zagaya kasuwannin dabbobi, Bakin Birji, Tanut, Gidigir, ina sayar da maganin bisashe, in dare ya yi in kwana a cikinta. Ranar da ta tsaya, cefanen gidana ne ya tsaya.

A Tanut na fara ganin abin. Na tsuguna zan yi alwalar asuba kusa da tayar baya ta dama, sai na ga cikin tayar ya jiƙe, baƙin mai ya yi zane-zane daga tsakiya zuwa baki, yashi ya manne a kai. Na dangwala na sansana. Wari ne mai nauyi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Man birki ba ya wannan wari, kuma ba shi da wannan kauri. Man pon ne, wato man da ke cikin ƙashin bayan da ke juya tayoyin baya, abin da mutanen Kano ke kira bak-aksil.

Makanikin farko ba zan daɗe a kansa ba. Cikin awa biyu ya zare tsohuwar robar da ke tare mai a bakin taya, jwan ɗin ke nan, ya buga sabuwa, ya wanke fatun birki da esans ya cinna musu wuta wai man ya ƙone, ya ƙara mai, ya karɓi kuɗinsa. Sati uku ban cika ba man ya dawo, ya ma fi na da. Ga birki ya yi sanyi, in na taka sai motar ta ja gefe guda. Mota mai nauyin ɗaki da tankin ruwa da kwalayen magani, a hanyar da jaki kan faɗo maka ba sallama, wannan ba abin wasa ba ne.

Wani direban babbar mota ne ya kwatanta mini garejin dattijon, can wajen gari ta hanyar Tanut. Ba allo, ba suna. Rumfar kwano ce da bishiyar dogonyaro guda, da yara huɗu masu koyon aiki. Na gaishe shi, na ce, "Baba, jwan ne ya sake lalacewa, a sauya mini in kama hanya." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, jwan ba ya mutuwa cikin sati uku sai in akwai abin da ke kashe shi. In na sa maka wani yau, na ci kuɗinka ne kawai."

Da farko bai kwance ko noti ɗaya ba, kuma gaskiya raina ya ɓaci a lokacin. Ya sa yara suka wanke pon ɗin gaba ɗaya da gazuwal, sannan da ruwa da garin sabulu, aka bar shi ya bushe a rana. Sai ya aika aka ɗebo toka daga murhun mai shayi, ya barbaɗa ta a wurare uku: bakin da farfela, doguwar sandar da ke kawo juyin inji zuwa baya, ke shiga pon, kewayen tulun tsakiya inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, da bayan tayoyin biyu. Ya ce duk man pon da ya tsiyaya, ta ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofin yake fita, amma iska da gudu sukan watsa shi ko'ina har mutum ya kasa gane tushensa. Toka fara ce, inda ta fara yin baƙi nan ne. Ya ce in je Miriya in dawo, a hankali saboda birkin, don pon ya ɗauki zafi. Tafiyar kilomita 18 ce zuwa, 18 dawowa.

Da na dawo ya shiga ƙarƙashi da kansa, ya ce in kwanta kusa da shi in gani da idona. Tokar bayan tayar dama ta yi baƙi, wannan mun sani. Amma tokar tayar hagu ma ta fara jiƙa, ɗan kaɗan, kamar an ɗiga mata ruwa. Ya sa makulli a notin da ake zuba mai ta nan, ya murɗa a hankali. Sai na ji "fusss", iska ta fito da ƙarfi kamar an huda taya, da ɗumi da wari. Ya ce, "Ka ji? Motarka ba ta numfashi."

Ya kai hannu saman pon ɗin ya nuna mini wani ɗan ƙarfe mai hula, bai kai babban yatsa ba. Shekara da shekaru ina tuƙa motar nan ban san da zamansa ba. Shi ne hancin pon. Ya kamata hular ta riƙa motsi in an taɓa ta, amma tawa ta daskare, ƙura da tururin mai da lakar damina sun haɗu sun zama kamar tubali. Bayaninsa ya zauna mini daram. Haƙoran da ke cikin pon suna gugar juna, mai ya yi zafi, iskar ciki ta kumbura. A zafin Afrilu da Mayu na ƙasar nan, da ake wuce digiri 40 a inuwa, ga kwalta na tafasa a ƙasa, kumburin ba kaɗan ba ne. In hanci a buɗe yake sai iskar ta fice. In ya toshe sai ta tura mai ta wurin da ya fi rauni, wato leɓen jwan. In dare ya yi ƙarfe ya huce, sai pon ya zuƙo iska ta wannan leɓen, da ƙurarta da komai. Ka ga an bar jaki ana ta dukan taiki. Ya cire hancin, ya jiƙa shi a gazuwal, ya tsokace shi da waya, ya busa da bakinsa har iska ta wuce. Wannan gyaran bai ci ko dala ba.

Sauran aikin ne ya ci kuɗi, domin ɓarnar ta riga ta auku. Washegari aka ɗaga motar, kuma na yaba da cewa a kan ƙafafun ƙarfe aka dasa ta, ba duwatsu ba. Kafin a cire taya ya kama ta sama da ƙasa ya girgiza, na ji ɗan "ƙwas-ƙwas". Rulma, ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ta yi sako-sako, kuma tayar da ke rawa tana cin jwan ko da hanci lafiya lau. Aka zaro sandar da ke juya tayar, aka kwance notocin ciki, aka fito da tambur, wato gangar birki. Ya kama yatsana ya goga farcena a kan ƙarfen da leɓen jwan ke hawa. Farcen ya maƙale a wani siririn rami da ya zagaye ƙarfen, yashi ne ya sassaƙa shi tsawon shekaru. Jwan ɗin makanikin farko kuma a karkace ya shiga, ga tabon guduma a gefensa.

Kayan ba su samu a gari yadda yake so ba. An kawo jwan iri biyu daga kasuwa, ya lanƙwasa leɓensu da yatsa ya mayar, ya ce robar ta bushe. Sai aka yi saƙo Kano. Nan na koyi abu guda: jwan da lamba uku ake sayensa, faɗin ciki, faɗin waje da kauri, a milimita. Ya auna ya rubuta a bayan kwalin shayi, ya ce wa ɗan saƙon can "oyil sil" da "boris" ake ce wa jwan da rulma, kada a tsaya gardamar suna. Da kayan suka iso ya shafa wa leɓen mai, ya ɗora tsohuwar rulma a kai ya buga a hankali ta kowane gefe, ya zaunar da shi ɗan nesa da tsohon ramin don leɓen ya hau lafiyayyen ƙarfe. Gefe biyun duka ya yi.

A kan fatun birki muka yi ja-in-ja. Na ce, "Baba, na hagu ai lafiyarsu ƙalau, na dama kuma an ƙona man." Ya ce fata in ta sha mai ta sha ke nan, wuta samanta kawai take lasa, ranar da ka taka birki ta yi zafi sai ta yi gumin mai. Kuma ba a sa sabuwa gefe guda a bar tsohuwa a ɗayan, motar za ta riƙa ja. Ya ce in ban yarda ba in kai wani wuri, shi ba zai ɗaura su ba. Na yarda, kuma yanzu ina ganin nan ne ya fi yi mini alheri.

Tsohon mai da aka juye baƙi ne ƙirin. Notin ƙasa yana da maganaɗisu, ya nuna mini laushin garin ƙarfe da ya taru a kai, ya ce wannan ba komai, da gutsattsari ne da sai an buɗe tulun. Ya sa na sayo mai a galan rufaffe, 85W-90 mai alamar GL-5, ba na kwalba da ake jerawa a bakin hanya ba, ba kuma man inji ba. A ƙasa mai daidai aka zuba, har ya kawo bakin ramin ya fara dawowa, aka tsaya. Wanda ya cika fiye da haka ma tsiyaya yake jawowa.

Akwai abubuwan da ba su yi mini ba, kuma zan faɗe su. An ce mini kwana biyu, na yi huɗu, kasuwa guda ta wuce ni. Ba ya ɗaga waya in yana aiki, sai ka taka ka je. Ba takardar lissafi, komai a baki: da kaya da mai da ladan hannu na kashe jika 68 na sefa, kuma sai da na zauna na tambayi kuɗin kowane abu ɗaya-ɗaya kafin na gane yadda aka kasa. Yaran sun shiga ɗakin motar neman inuwa, suka bar sawun hannu na baƙin mai a labule da katifa. Notocin taya da dogon bututu aka ɗaure su, yaro ya hau ya yi tsalle, har sai da na koma aka sassauta, don da taya ta fashe mini a daji ba zan iya kwance su ni kaɗai ba. Abin da ya fi damuna shi ne tsohon man da aka zubar a ƙasa bayan rumfa, inda awaki ke kiwo. Sana'ata lafiyar dabba ce, na yi masa magana, ya ce za a nemo duro.

Wata biyar ke nan. Na je Tanut sau shida, Gure sau biyu, da lodi. Duk inda na tsaya nakan ɗora bayan hannuna a tsakiyar kowace tayar baya in ji ɗumi, su biyun daidai suke, cikin tayoyin kuma a bushe. Duk ranar Juma'a da safe nakan shiga ƙarƙashi in murza hular hancin in tabbatar tana motsi. Bakin farfela ya fara ɗan damshi, bai kai ga ɗiga ba. Na nuna masa, ya goge da tsumma ya ce in bar shi sai bayan damina, in riƙa duba mai duk wata. Zan mayar masa da ita a Oktoba in Allah ya kai mu, kuma wannan karon zan kulle ƙofar ɗakin kafin in miƙa makulli.