Na'urar kwashe kaset ɗin bidiyo zuwa kwamfuta: tana aiki, amma sai ka san lagonta

Na'urar da nake magana a kanta 'yar ƙarama ce, ba ta fi filasha girma da yawa ba. Gefe ɗaya bakin USB ne, ɗaya gefen kuma wayoyi huɗu ne ke reto: rawaya ta hoto, ja da fara na sauti, sai baƙa mai ramuka huɗu ta S-Video, wata hanyar shigar hoto ta dabam. Aikinta shi ne ta karɓi hoto da sautin da ke fitowa daga bidiyo mai kaset ko tsohuwar kyamara, ta mayar da su abin da kwamfuta za ta iya ajiyewa. Na saye ta ne don in kwashe kaset-kaset na VHS da muka ɗauka tun shekarun 1990. Tun 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe a sana'ar, ya daina ƙera bidiyo mai kaset. Wanda ke hannunka idan ya mutu, sai dai ka nemi na hannu, su kuma kaset ɗin kullum ƙara lalacewa suke yi.

A jikin kwali an rubuta cewa jonawa kawai za ka yi ka fara naɗi. Ba haka abin yake ba. Sai dai in za a yi mata adalci, yawancin matsalolin da na ci karo da su na saiti ne, ba nata ba. Biyu ne kawai zan ɗora mata kai tsaye, kuma zan zo kansu.

Hoton farko da ya fito min baƙi da fari ne, yana ta birgima daga sama zuwa ƙasa. Dalilin shi ne manhajar naɗin ta zo a saite kan NTSC, alhali kaset ɗina na PAL ne. Tsarin NTSC, wanda Amurka da Japan suka yi amfani da shi, yana da layi 525 da hoto kusan 30 a daƙiƙa. PAL kuwa, na yawancin Turai da ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, layi 625 ne da hoto 25 a daƙiƙa. Kowanne kuma da mitar da yake ɗora launi a kai: PAL a megahaz 4.43, NTSC a 3.58. Idan na'urar ta nemi launi a inda ba ya nan, sai ta ba ka haske da duhu kawai. Ina canza saitin zuwa PAL, na sa girman hoto 720 da 576, launi ya dawo, birgimar ta tsaya. Mai kaset na NTSC 720 da 480 zai sa. Idan ka gyara wannan amma har yanzu babu launi, duba ƙofar da manhajar ke saurare: wayar rawaya ka jona, ita kuma tana jiran S-Video, ko akasin haka.

Manhajar da ta zo a faifai tare da na'urar ban daɗe da ita ba. OBS Studio na koma, kyauta ce kuma tana barin ka ka ga kowane saiti da idonka.

Sai kuma zane-zanen da ke bayyana a gefen duk abin da ya motsa, kamar haƙoran matsefi. Wannan ba lalacewa ba ce. Tsohuwar talabijin rabi-rabi take zana hoto, layuka masu mara da farko, sannan masu cika, sau 50 a daƙiƙa a tsarin PAL. Allon kwamfuta kuwa yana nuna rabin biyu a lokaci guda, alhali ba a lokaci guda aka ɗauke su ba. A OBS akwai zaɓin haɗe layukan, kuma Yadif 2x ne ya fi min daɗi, domin motsi yana fitowa sumul yadda yake a talabijin. Sharaɗin dai ka sa naɗin ya zama hoto 50 a daƙiƙa, in ba haka ba ka zubar da rabin amfanin. Haka nan ka bar siffar hoton a 4:3. Na ga mutane suna miƙe shi ya cika allo mai faɗi, kowa ya koma gajere mai ƙiba, wai don kada a ga baƙi a gefe. Ni kam gara baƙin. Akwai kuma wani ɗan siririn layi mai rawa a can ƙasan hoto. Yana nan a kowane kaset na VHS, daga inda kawunan bidiyon masu karanta kaset ke karɓeɓeniya yake zuwa, tsohuwar talabijin ce ke ɓoye shi a bayan gefenta. Rufe shi za ka yi ko ka yanke, ba ya gyaruwa.

To, ba a nan gizo ke saƙar ba. Laifin na'urar na farko, kuma mafi girma, shi ne rashin haƙuri da tsohon kaset. Zaren kaset yana miƙewa da tsufa, injin da ke jan sa ma ba daidai-wa-daida yake juyawa ba, don haka kowane layi na hoto yana iso ko dai da wuri kaɗan ko a makare kaɗan. Talabijin ta dā tana jure wannan, tana bin siginar duk inda ta karkata. Wannan 'yar na'urar ba ta iyawa. Da zarar kaset ya zo wurin da ya ɗan tauye, ko inda aka tsayar da kyamara aka sake kunnawa, sai saman hoton ya lanƙwashe, ko allon ya yi shuɗi na ɗan lokaci, ko ta tsallake wasu hotuna ba tare da ta gaya maka ba. Na jona bidiyon kai tsaye da talabijin don in tabbatar, kaset ɗin ya wuce wurin lafiya lau. Wannan gwajin na ba kowa shawara ya fara da shi, domin shi ke raba laifin kaset da laifin na'ura.

Maganin gaskiya shi ne abin da ake kira TBC, wato na'urar da ke daidaita lokacin kowane layi kafin ya wuce. Wasu manyan bidiyo na S-VHS, wato ingantaccen nau'in VHS, suna da ita a ciki. Ni ba ni da irinsu, sai na bi wata dabara da masu wannan aiki suka daɗe da sani: na ratsa siginar ta cikin tsohuwar na'urar DVD mai naɗi, hoto ya shiga ta ƙofar shigarta ya fita ta ƙofar fitarta, ba tare da an naɗi komai ba. Ba kowace irinta ke yin wannan gyaran ba, amma wadda na samu ta miƙar da layukan, shuɗin allon ma ya ragu ƙwarai. Gyara tirakin (saitin da ke daidaita kawunan bidiyo da layukan da ke kan zaren kaset) da hannu a jikin bidiyon shi ma ya taimaka a kaset ɗin da wata na'ura dabam ta naɗa. In kuma kaset ɗin fim ne na kasuwa, ka ga haske yana ƙaruwa yana raguwa, wannan kariyar kwafi ce ta Macrovision, ba ciwon na'ura ba.

Ɓangaren sauti ya fi cin rai, don ba ka ganin inda matsalar take. Da farko shiru ne gaba ɗaya. Ashe Windows tana ɗaukar sautin na'urar a matsayin makirufo dabam, sai ka zaɓe shi da kanka a manhaja, kuma ka tabbata saitin sirri bai hana manhajoji taɓa makirufo ba. Da sautin ya zo, ya zo da wani gurnani mai kauri a ƙarƙashinsa, wanda ba ya canzawa ko kaset na tafiya ko ya tsaya. Gurnanin wutar lantarki ne, mai kaɗawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa gwargwadon ƙasar da kake. Na zare cajar laftof na bar ta a kan batir, nan take ya ɓace. Mai kwamfutar tebur ya jona ta da bidiyon a soket ɗaya. Wani kaset kuma ya riƙa tsartsatsi lokaci-lokaci. VHS yana iya ɗaukar sauti iri biyu, na Hi-Fi da kawuna masu juyawa ke karantawa, da na gefen zare wanda bai kai shi kyau ba. Na Hi-Fi shi ke tsartsatsi idan tirakin ya kauce, sai na mayar da bidiyon kan na gefen zare. Ya ɗan dushe, amma ana jin magana tsaf.

Laifinta na biyu shi ne baki da murya suna rabuwa a dogon naɗi. A farko komai daidai, amma kafin ƙarshen kaset mai awa uku sai ka ga mutum ya rufe baki muryarsa na ci gaba. Saita sauti a kilohaz 48 a Windows da OBS duka ya rage abin. Ragowar kuwa daga hotunan da take tsallakewa ne: hoto ya gajarta, sauti bai gajarta ba. Idan tazarar iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe, abu ne mai sauƙi, OBS na da wurin jinkirta sauti da 'yan milisakan. Idan kuwa ƙaruwa take yi, sai ka magance tsallaken, ko ka riƙa naɗi gunduwa-gunduwa. Jona ta kai tsaye a jikin kwamfuta maimakon ta mai raba USB shi ma ya rage tsallaken. Sautin nata kuma yana shiga da ƙarfi fiye da kima, har ya fashe idan an yi ihu ko tafi, don haka na sauke matakin shigarsa tun daga Windows.

Ka tanadi wuri a kwamfuta. Hoton PAL da ba a matse ba yana cin kusan gigabait 75 a awa ɗaya, shi ya sa na naɗa da matsi mai inganci, na adana wannan a matsayin na asali, sannan na fitar da ƙananan kwafi na turawa 'yan uwa.

Wanda ke da kaset 'yan kaɗan masu lafiya, kuma ba ya ƙyashin zama ya gwada saiti, za ta biya masa buƙata. Wanda kaset ɗinsa suka tsufa sosai, ko yake da tarin da ba ya son a rasa ko hoto ɗaya, ya fara neman bidiyo mai TBC kafin ya yi tunanin wace na'urar kwashewa zai saya.