Hattara da mai sayar da ƙwallon sitiyari da sunan fawa

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma da direbobin tarakta na Sakkwato da kewaye. Akwai wani mutum da ke bin kasuwannin mako ta wajen Achida, Wurno da Goronyo, yana kuma tura bidiyo a WhatsApp, yana tallar ɗan mariƙin nan mai kamar ƙwallo da ake ɗaurewa a bakin sitiyari. Cewa yake daga Jamus ƙwallon ya zo, wai da ka ɗaura shi tsohuwar taraktarka ta koma mai fawa, wato sitiyarin da inji ke taimaka wa juyawa ya yi sauƙi (power steering). Wallahi ƙarya ce. Yana karɓar kafin alƙalami ta banki, wasu ya aiko musu da kayan a mota, wasu kuwa da kuɗi sun shiga sai a ji wayarsa a kashe.

Ku lura da bidiyon da kyau. Taraktar da yake murza sitiyarinta da yatsu biyu, an ɗage gabanta da jak, tayoyin ba su taɓa ƙasa ba. A haka ko yaro ƙarami zai juya shi. Fawa na gaskiya sai da famfon da inji ke juyawa, da mai, da tiyo, da silindar da ke tura ƙafafun gaba. Ƙwallo ba ya da ko ɗaya. Aikinsa kawai ya ba ka damar kewaya sitiyari da hannu ɗaya cikin sauri, nauyin kuwa yana nan yadda yake, sai ma ya tattaru a hannu guda.

Asarar kuɗin ba ta dame ni kamar haɗarin ba. Tarakta irin Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, da yawansu ba su da fawa, haka wasu tsofaffin Fiat da Steyr da har yau suke haro a fadamar Rima. A irin waɗannan, duk abin da tayar gaba ta buga yana dawowa kai tsaye hannun direba. Taya ta ci karo da kututture, ko tsohuwar kunya da ta bushe ta yi tauri, sai sitiyari ya fizge ya juyo da ƙarfi. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke hana yaransu cusa babban yatsa cikin sitiyari. To ina ga an ƙara masa dunƙulen ƙarfe da zai zagayo ya maki wuyan hannu? Wani matashi da ke wa maƙwabcinmu aiki, ranar da aka ɗaura masa, kafin la'asar yana gidan mai ɗori, hannu ya kumbura suntum, ga lokacin huɗa ya kama.

Na riƙe ɗaya a hannuna. Maƙalarsa narkakken alminiyon ne mai laushi da aka fesa wa fenti, kusoshin biyu zarensu ya cinye tun ɗaurin farko, kuma ta tsaga baƙar robar sitiyarin. In ta kwance maka kana tsakiyar kwana a bakin rafi, da tirela cike da buhunan albasa a baya, sai dai Allah ya kiyaye.

Wanda sitiyarinsa ya yi nauyi ya fara duba iskar tayoyin gaba, ya sa giris a gaɓoɓin ƙafa, bakanike ya duba man akwatin sitiyari da tayarod, wato sandar ƙarfen da ke haɗa tayoyin gaba su juya tare. Kuma a bari tarakta ta ɗan motsa kafin a murza. Masu tsohuwar Fijo 404 da Land Rover, wannan magana har da ku.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya ajiye shaidar biyan, ya sanar da bankinsa, ya kai ƙara wurin 'yan sanda. In kun ga mai sayar da ƙwallon ranar kasuwa, ku shaida wa sarkin kasuwa, ban da duka don Allah.