Bitar HairWorks: kyan gashi da abin da yake ci a wasa

Tun da wasan The Witcher 3 ya fito a watan Mayun 2015, HairWorks ta zama misalin da ake kawowa duk lokacin da aka yi zancen ƙawar da kamfanonin katin hoto ke keɓe wa kayansu. Fasaha ce ta NVIDIA, kamfanin da ke ƙera katin hoto (sashen kwamfuta da ke zana hotunan wasa), daga cikin tarin fasahohinsa na wasanni mai suna GameWorks, kuma aikinta shi ne zana gashi sili-sili maimakon shimfiɗa shi kamar fenti a jikin halitta.

Kyanta ba abin musu ba ne, musamman a jikin dabbobi. Idan garken kyarkeci ya zagaye ɗan wasa a daji, za a ga gashin wuyansu yana tashi yana kwanciya da iska, kuma idan ɗaya ya yi tsalle ya dira, gashin bayansa yakan girgiza kafin ya lafa. A kan Geralt kuwa, jarumin wasan, ban ga wani bambanci da ya kai a yi asara dominsa ba, domin gashin da masu wasan suka zana masa tun asali yana da kyau daidai gwargwado.

Asarar ta fito ne daga yadda fasahar ke aiki. Tana dogara da teseleshan, wato rarraba siffa zuwa ƙananan alwatika masu ɗimbin yawa, sannan ta ƙara gyaran gefen kowane sili don kada ya yi kaushi. Wanda ke son hoto 60 a daƙiƙa ɗaya yana da ƙasa da milisakan 17 ne kawai don kammala kowane hoto, saboda haka duk abin da gashi ya ci, daga wannan ɗan lokacin aka cire shi. Nauyin ya fi tsananta a wurin hira, inda kyamara ke matsowa kusa da fuska. Abin da ya fi damuna shi ne zaɓin da aka bayar: a kashe gaba ɗaya, a kunna wa Geralt kaɗai, ko a kunna wa kowa. Zaɓin dabbobi kaɗai, wanda shi ne mafi amfani, sai da masu yi wa wasa kwaskwarima suka samar da shi.

Katunan GTX 900 na NVIDIA sun fi jure wannan nauyi, yayin da masu GTX 700, waɗanda suka gabace su, da masu Radeon na kamfanin AMD suka ji a jikinsu. CD Projekt Red, kamfanin da ya yi wasan, da kansa ya shawarci masu Radeon su kashe ta idan wasan ya yi musu nauyi. Wasunsu sun samu sauƙi ta hanyar rage teseleshan zuwa ninki 8 ko 16 a manhajar AMD, kuma da wuya ido ya gane an rage wani abu, wanda ke nuna cewa matakin da aka saka da farko ya wuce buƙata. Daga baya an ƙara maɓallan rage ingancin gashin a cikin wasan.

Shawarata ga mai kati matsakaici ita ce ya kashe HairWorks, ya mayar da ƙarfin kan nisan ciyayi da inuwa, waɗanda ido ke gani a kowane lungu na wasan. Mai sabon kati mai ƙarfi yana iya kunna ta a ƙaramin mataki, saboda kyarketai da beyar.